Bayan An Sa Albarka

Fasto ya ɗaga hannu, mun ce amin.
Mata na naɗe tabarmi, yara sun ruga wajen mai ƙanƙara,
ni kuwa ina saɗaɗawa ta ƙofar baya
kamar wanda ya ci bashin mai goro,
sai muryarta daga gindin dogon yaro:
"Baba Ishaya, yau ba gaisuwa?"

Teburinta ƙafa uku ne da bulo ɗaya.
Littafi mai shuɗin bango, biro ɗaure da zare,
da abin nan da take naɗa wa mutum a damtse,
ya matse shi, ya matse shi,
har jini ya faɗi abin da baki ya ɓoye.

Shekara talatin ina jan tirela,
albasa daga Sakkwato har bakin teku,
ban taɓa kwana gadon asibiti ba.
Na ce, "Afiniki, wanda ya tsaga Bahar Maliya
ba jinina zai gagare shi ba."
Ta ce, "Gaskiya ne. Shi ya aiko ni. Miƙo hannu."

Ɗari da tamanin.
Ta rubuta, ba ta ko ɗago kai ba.

Daga aikin dare take zuwa, na sani,
warin asibiti bai gama barin rigarta ba.
Ba ta cikin albashin ikilisiya.
Abin da ke akwai gwangwanin madara ne
da Zumuntar Mata ke jefa wa canji,
da shi ake sayen auduga da batir.

Lokacin bazara, da zafi ya kwantar da Mabera,
wuta ta tafi kwana huɗu ba sallama,
ita ta binne allurar sugan Mama Lois
cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa,
tana aiko ɗanta safe da yamma ya ƙara ruwa.
Ita ta rage gishirin miyar bikin godiya,
mata suka yi wata guda ba sa amsa mata gaisuwa da kyau.
Ita ta zauna da Dogara ranar da bakinsa ya karkace,
tana riƙe da hannun da ya daina jin riƙo,
tana yi masa waƙar sujada a hankali
har Keke Napep ya iso.

Malam Ɗangaladima mai faci, tsallaken titi,
bai taɓa taka ƙofarmu ba, ba ta kuma ce ya taka ba.
In ya idar da azahar takan tsallaka da jakarta,
ya naɗe hannun riga a kan bencinsa:
"To likita, mi kig gani yau?"
Tayar babur ɗinta, an ce, ba ta biyan kuɗin iska.

Ni na yi mata ƙarya sau ɗaya.
Na ce ina sha kullum.
Ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta, ta ƙirga,
ashirin da ɗaya suka rage inda ya kamata a ga bakwai.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta ce, "Kuɗi ne ko mantuwa?"
Na dubi takalmina. Ta buɗe gwangwani.

Lahadin da ta wuce, layi ya ƙare,
ta sunkuya ɗaukar jaka, na ga ƙafafunta
sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse.
Na ce, "Ke fa, wa ke gwada naki?"
Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba.

Na ce, "Zauna."
Ta nuna mini inda ake naɗawa, yatsa biyu sama da gwiwar hannu,
da maɓallin da ake dannawa.
Hannuna da ya saba da sitiyari yana rawa.
Lambar ta fito, na karanta mata da ƙarfi,
ta yi shiru.

Na jawo littafin, na sami layin da babu kowa,
ƙarƙashin sunan Dogara.
Na tambaye ta yadda ake rubuta Afiniki.